Littattafan yara kan zuwan sabon ƙani: tambayoyin da iyaye suka fi yi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa duk sanda masu jiran haihuwa ta biyu suka fara tunanin yadda za su yi da babban. Na tara su wuri ɗaya, na fara da masu sauƙi. In na ce "yaro" ko "shi" har da mace nake nufi, kuma yawancin maganar a kan 'yan shekara ɗaya da rabi zuwa shida ne.

Wai wane irin littattafai ne waɗannan?

Littattafan hoto ne na ƙananan yara, rubutu kaɗan hoto babba, labarinsu duk a kan yaron da aka yi wa ƙani ko ƙanwa. In kin duba su da kyau ba iri ɗaya ba ne. Akwai na bayani zalla, masu nuna cikin Mama yana girma, za ta tafi haihuwa ta dawo, jariri yana kuka yana shan nono yana barci, shikenan babu wata rigima a ciki. Akwai na labari, inda yaron cikin littafin yake jin haushi, ya ce a mayar da jaririn inda aka samo shi, ko ya tattara kayan wasansa ya ce shi barin gidan zai yi, daga baya a shirya. Sai kuma na kirari, irin su "ni ne babban yaya, na iya sa takalmi da kaina, jariri bai iya ba".

Iyaye da yawa duk wanda suka ga hoton jariri a bangonsa sai su ɗauko, alhali kowane iri da lokacinsa. Rabin amsoshin da ke ƙasa a kan wannan bambancin suka tsaya.

Da gaske suna aiki, ko dai neman kuɗin masu buga littafi ne?

Littafi shi kaɗai baya cire kishi, wannan kam a cire rai. Abin da yake yi shi ne yana ba yaro hoton abin da ke tafe tun kafin ya zo, ya kuma sa masa kalmomi a baki. Ɗan shekara uku da bai san yadda zai ce "ina jin kin daina kula ni" ba, da birgima da cizo zai faɗa miki, amma in ya taɓa ganin wani yaro a littafi yana tsaye bakin ƙofa ya cika ya yi fam, kuma kun yi maganar abin da ke damun yaron can, to ya samu hanya.

Akwai binciken da Judy Dunn da Carol Kendrick suka yi a Kambirij ta Ingila, suka bi iyalai 40 tun kafin haihuwar na biyu har bayanta, aka buga sakamakon a 1982. Abin da suka gani, gidajen da uwa take yi wa babban maganar jaririn a matsayin mutum mai buƙata da jin daɗi da rashin jin daɗi, tana cewa kana ganin yunwa yake ji ko barci, me za mu yi masa, a gidajen nan yaran sun fi jituwa daga baya. Ba littafi suka bincika ba, hira suka bincika. Amma littafin hoto shi ne hanya mafi sauƙi da na sani ta buɗe irin wannan hirar tun jaririn yana ciki. Don haka amsata, suna aiki gwargwadon hirar da suka haifar. A karanta a rufe a ce je ka kwanta, wannan kam kusan ba a yi komai ba.

Yaushe ya kamata in fara karanta masa?

Ya danganta da shekarunsa. Ƙaramin yaro bai san wata tara ba, in kin faɗa masa yau gobe da safe zai tambaye ki ina jaririn. Ɗan ƙasa da shekara uku a bari sai ciki ya fito yana gani da idonsa, wata biyu ko uku na ƙarshe sun isa. Ɗan huɗu zuwa shida za a iya farawa da wuri, musamman in ya riga ya fara jin manya suna maganar, gara ya ji daga bakinki da ya tsinta a bakin wasu.

Abin da ban so shi ne a bari sai ana saura kwana uku a kwaso littattafai biyar a jibge masa. Yaro yana gane rawar jikin manya. A sa littafin cikin sauran littattafansa, yau a karanta shi gobe a karanta na mota ko na kifi, kar ya zama duk daren duniya sai maganar jariri.

Nawa bai kai shekara biyu ba, zai ma gane wani abu kuwa?

Zai gane, amma ba labari ba. A shekarun nan littafi mai kauri da baya yagewa, mai hotunan jarirai na gaske irin na kyamara, ya fi zane amfani. Gabrielle Simcock da Judy DeLoache sun gwada yara 'yan wata 18 zuwa 30 a 2006, suka ga ƙananan cikinsu sun fi iya kwaikwayon abin da suka gani a littafi idan hoton ya yi kama da abin gaske sosai. To a nemo mai shafi ɗaya jariri yana kuka, ɗaya yana wanka, ɗaya yana barci, ki nuna ki ce "ga jariri, yana kuka", ki kama hannunsa ki shafa hoton a hankali ki ce "a hankali". Kalmar nan ta "a hankali" ita ce ribar da za ki ci ranar da ya miƙa hannu kan na gaske.

Masu buɗe-buɗe da abin ja, wanda in an buɗe shafi hoto ya miƙe tsaye, suna da daɗi amma suna ɗauke hankalin ƙananan daga abin da ake nunawa, sai ka ga wasan murfin ya fi ƙarfin maganar.

Me zan duba kafin in zaɓa?

Ki karanta shi ke kaɗai tukuna daga farko har ƙarshe, minti uku ne. Abu na farko da nake dubawa shi ne ko littafin ya faɗi gaskiya a kan jariri. Da yawa suna nuna an kawo jariri yau, shafi na gaba har suna wasan ƙwallo tare. Jariri sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17 a rana, yana shan nono sau 8 zuwa 12, murmushin gaske sai wajen sati shida zuwa takwas, zama kuwa sai wajen wata shida. Yaron da aka yi wa alƙawarin abokin wasa aka kawo masa wani abu mai kuka da kashi, yana da hujjar jin an yaudare shi. Littafin da ya ce "jariri bai iya komai ba tukuna, kuma Mama za ta riƙa ɗaukarsa da yawa" ya fi min wanda ya cika da zuciyoyi da furanni.

Sannan ki duba iyayen cikin labarin. In yaron ya yi fushi me suka yi, tsawa suka daka masa ko sun zauna sun saurare shi. Ki duba ko babban yana nan a matsayin yaro, ana rungumarsa ana ɗaukarsa, ko an mayar da shi ɗan aike daga miƙo famfas sai miƙo tawul. Sai ƙarshen labarin, wanda na yi maganarsa a tambayar kishi da ke biye. Wani ƙaramin abu kuma, tsofaffin littattafai wani lokaci suna zana jariri yana barci rub da ciki cikin tarin filo da 'yar tsana, tun wajen 1994 aka yi ta kamfen a Amurka cewa a rigingine ake kwantar da jariri a shimfiɗa babu tarkace. Ba sai an jefar da littafin ba, amma ki faɗa masa mu ba haka za mu yi ba, don babban yaya mai son taimako shi ne zai je ya lulluɓe fuskar ƙaninsa da bargo da kyakkyawar niyya.

Littafin da yaro yake cewa ya tsani jaririn, ba zai koya wa nawa kishi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce, kuma masu tsoron suna da gaskiya rabi. Yadda aka gina yawancin labaran nan, shafi ashirin yaro yana fushi, yana gatsine, yana zagin jaririn da kalmomi masu ban dariya, sai shafi biyu na ƙarshe a shirya. Babba ya san darasin yana ƙarshe. Ɗan shekara uku kuwa bai cika haɗa farkon labari da ƙarshensa ba, abin da aka fi daɗewa a kai kuma aka fi yi masa dariya shi yake ɗauka. Sai ka ji yaron da jiya yake sumbatar cikin uwarsa yau yana cewa a jefa jariri a kwandon shara, don ya ji a littafi kuma kowa ya kwashe da dariya.

Kuma ba kowane yaro ne yake shiga halin nan ba. Tun zamanin masanin halayyar ɗan Adam Alfred Adler ake maganar ɗan fari a matsayin wanda aka tuɓe daga sarauta, har mutane suka ɗauka dole ne. Brenda Volling ta Jami'ar Michigan ta duba bincike 30 a 2012, daga baya ita da abokan aikinta suka bi iyalai 241 tun daga ƙarshen ciki har jariri ya shekara, aka buga a 2017, kuma abin da ya fito shi ne yawancin yara canjin da suke yi kaɗan ne, masu ƙara rigima ma galibi a farkon watanni ne sai abin ya lafa. To ɗauko littafin kishi mai zafi a karanta wa yaron da yake murna, kamar ɗura wa mai lafiya maganin zazzaɓi ne.

Abin da nake ba da shawara, kafin haihuwa a tsaya kan na bayani, wanda zai iya cewa a layi ɗaya "wani lokaci za ka ji haushi don Mama tana riƙe da jariri, ba laifi ba ne". Na labarin fushi a ajiye shi a durowa. Ranar da kika ga ya fara, ya ce ajiye shi ki ɗauke ni, ko ya kai masa mintsini a ɓoye, ranar ce ranar littafin, kuma a lokacin ba koya masa yake ba, nuna masa yake cewa ba shi kaɗai ba ne kuma ba a daina son mai jin haka. Cikin irinsu ma a zaɓi wanda a ƙarshensa aka sasanta don iyayen sun lura da yaron, ba don jaririn ya yi masa murmushi sau ɗaya komai ya wanke ba.

Yawanci zomaye ne da beyar a ciki, na mutane ya fi ko duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. A Jami'ar Toronto, Patricia Ganea da abokan aikinta sun karanta wa yara 'yan 4 zuwa 6 labari a kan rabon abu da wani, wasu da dabbobi masu magana, wasu kuma labarin dai amma an sauya zanen zuwa mutane, sannan aka ba su sitika aka ga ko za su ba wani yaro. Waɗanda suka ji na mutane ne suka ƙara bayarwa. An buga wannan a 2017. Don haka in so kike ya gane cewa abin nan gidanmu zai faru, na mutane ya fi kusa.

Amma fa ban yar da na dabbobi ba. Yaron da abin yake masa zafi, wani lokaci ya fi iya cewa "zomon nan haushi yake ji" a kan ya kalli yaro irinsa. In na dabbobi ne a hannunki, ke ce za ki ɗinke ɓarakar, ki ce kai ma ai za a kawo maka ƙani kamar na zomon nan.

To ya ake karantawar?

A cinya, ko a gefe in ciki ya hana, kuma da tsayawa. Akwai salon da Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a 1988, wanda babba yake tambaya yaro yana amsawa, babba ya ƙara a kan abin da ya faɗa. Misali kun zo shafin da uwa take shayarwa, yaron yana ƙasa da motarsa. Ki ce me yake yi a nan? Ya ce yana wasa. Ki ce eh yana wasa shi kaɗai, dubi bakinsa, kamar dariya yake ko kuwa? Ya ce fushi. Ki ce inaga so yake a ɗauke shi shi ma, me kake ganin Mamansa za ta yi in ta gama? Sai ki yi shiru ki jira, shirun nan yana da wuya amma a cikinsa ake jin abin mamaki.

Abin da ke ɓata karatu shi ne wa'azi. "Ka gani ko, shi yaron kirki ne yana son ƙanwarsa, ba irinka ba." Daga ranar littafin ya zama bulala kuma ba zai sake ɗauko shi ba. Haka ma tambayar "za ka so ƙaninka ko?", ba tambaya ba ce, ya san amsar da ake so. In ya ce shi baya son jaririn, ki ce na ji, ki juya shafi. Uba ma ya karanta, musamman da yake bayan haihuwa shi ko wani babba a gidan ne zai fi samun hannu, gara yaron ya saba da karatunsa tun yanzu kar ya zama ranar da aka kawo jariri ranar aka ƙwace masa har mai karanta masa labari.

Kullum littafi ɗaya yake kawowa har na haddace. Wata kuma ta ce nata da ya ga littafin yake wurgi da shi.

Mai maimaitawa a ƙyale shi. Jessica Horst ta Jami'ar Sussex ta nuna a 2011 cewa 'yan shekara uku da aka maimaita musu labari ɗaya sun fi riƙe sababbin kalmomi a kan waɗanda aka yi ta sauya musu labari. Ki lura dai da shafin da yake tsayawa, in kullum sai ya koma inda uwar ta ɗauki jaka ta fita, to tafiyarki ce take damunsa ba jaririn ba, sai ki yi masa bayanin wa zai zauna da shi, ina zai kwana, kuma za ki dawo.

Mai wurgi kuma shi ma magana ya yi. A ɗauke a ajiye inda hannunsa zai kai, a ci gaba da karanta wasu, sau da yawa bayan sati biyu za ki same shi a lungu yana buɗawa shi kaɗai.

Littafin bai yi kama da gidanmu ba, in bar shi?

Ɗan shekara uku bai iya karatu ba, ke ce mai iko da abin da shafi ya ce. In a littafin ƙanwa ce ku kuma ba ku san me za a haifa ba, ki ce jariri kawai, kar ki yi alƙawarin mace ko namiji ko da hoton asibiti ya nuna, yara suna riƙe irin wannan. In a littafin da fida ake ba shi ke kuma nono za ki bayar, ki faɗa, don yaron da aka yaye ba da daɗewa ba ganin wani a kan nonon yana daga cikin abin da ya fi ba shi mamaki. In jaririn littafin yana da ɗakinsa daban naku kuwa a ɗakinki zai kwana, wannan dole a gyara masa tun yanzu. In da wani harshe aka rubuta, ki kalli hoton ki ba da labarin da harshen da kuke yi a gida, ya fi shiga. Akwai kuma rumbunan littattafan yara na kyauta a intanet irin su African Storybook da StoryWeaver, masu harsuna da yawa har da Hausa, kuma lasisinsu ya yarda a fassara a buga.

Inda gyaran baki baya isa shi ne in bambancin babba ne, kamar tagwaye, ko bakwaini da zai daɗe a kwalba a asibiti, ko haihuwa ta tiyata da za ki yi makonni ba ki ɗauke shi ba, ko jaririn da aka ɗauko riƙo, ko ƙanin da ba uwa ɗaya ba. Akwai littattafan da aka rubuta musamman don kowanne, in ba a samu ba a duba amsar haɗa littafi da kanku.

Ya tambaye ni ta ina jaririn zai fito, littafin kuma bai faɗa ba.

Amsa gajera ta gaskiya. Jariri yana girma a wani wuri na musamman a cikin Mama da ake kira mahaifa, ba inda abinci yake zuwa ba, in ya gama girma likita ko ungozoma za su taimaka ya fito. Yawancin ƙanana nan suke tsayawa. Kar a ce sayo shi za a yi ko tsinto shi aka yi, don abin da aka sayo ana mayarwa kuma zai tuna miki. Littattafan da suka shiga bayanin jiki dalla-dalla suna nan, amma sun bambanta sosai wajen yawan abin da suke nunawa, irinsu ne ya fi kamata ki fara dubawa ke kaɗai.

Na waya ko kwamfutar hannu fa, ko bidiyon da ake karanta littafin?

In babu na takarda, na waya ya fi babu, da sharaɗin kina zaune kuna yi tare. Wani bincike na Jami'ar Michigan da aka buga a 2019 ya ɗauki bidiyon iyaye 37 da 'ya'yansu 'yan 2 zuwa 3, aka ga da littafin takarda sun fi hira, da na allo kuwa maganar takan koma "kar ka danna nan". Tunda na ce amfanin littafin a hirar yake, kin ga inda matsalar take. Bidiyo kuma baya tsayawa ya jira amsar yaro, sai in ke kika tsayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce 'yan 2 zuwa 4 kar zaman kallon allo ya wuce awa ɗaya a rana, ƙasa da haka ma ya fi.

Zan iya haɗa nawa littafin?

Sosai ma, kuma in da ɗaya kawai za a zaɓa ni wannan zan zaɓa. Takarda biyar a ninke biyu a ɗinke tsakiya, a manna hotunansa na jarirantaka. Ga ka kana ciki, ga ka ranar da aka haife ka da ɗan guntun cibiyarka, ga ka kana kuka bakinka wangame babu haƙori, ga ni ina ba ka nono, ga Baba ya saɓa ka a kafaɗa da tsakar dare. Layi ɗaya a ƙarƙashin kowane hoto. Babu littafin kanti da zai iya faɗa masa abin da wannan yake faɗa, wato duk abin da zai ga ana yi wa jariri shi aka fara yi wa.

Shafukan ƙarshe su zama na abin da ke tafe, hoton wanda zai zauna da shi ranar haihuwa, inda jaririn zai kwanta, da shafi ɗaya na abin da ba zai canza ba kamar labarin dare. A bar shafi ɗaya fari don hotonsu su biyu. In ya kai shekara huɗu a bar shi ya yi zanen da kansa ya faɗi abin da za a rubuta, ko da ya zana jaririn ƙanƙani can ƙuryar takarda kar a gyara.

An haihu, duk karatun da muka yi ya koma fitsarin kwance da maganar jarirai. Aikin banza muka yi?

A'a. Komawa baya abu ne da aka sani, wanda ya bar fida ya nema, wanda ya iya fo ya koma yi a wando, ya koma tsotson yatsa da shagwaɓa. Ya ga wanda bai iya komai ba shi ake ɗauka, sai ya gwada. A binciken Dunn da Kendrick ma rashin jin yaran ya fi fitowa daidai lokacin da uwa take fama da jaririn, kuma yawanci uwar ake yi wa ba jaririn ba. Shi ya sa lokacin shayarwa ya zama lokacin karatu, hannu ɗaya jariri, shi kuma ya jingina a ɗaya gefen yana juya shafi. A lokacin ba sai littafin ƙani ba, duk wanda ya zaɓa.

A nan ne nake taka-tsantsan da littattafan kirarin babban yaya da na ambata a farko. Yaron da yake roƙon a bar shi ya zama ƙarami na minti biyar, a yi ta karanta masa kai babba ne kai babba ne, nauyi ake ƙara masa. Wani yaron kam kirarin yana masa daɗi har ya riƙa tafiya yana buɗe kafaɗa, ki kalli naki ki gani.

Yaushe zan san abin ya wuce na littafi?

In yana neman ji wa jaririn ciwo da gangan kuma yana maimaitawa duk da ana hana shi, in ya daina cin abinci ko barci ya lalace na makonni, in ya yi shiru ya janye daga wasa da mutane, in ya daina maganar da ya riga ya iya, ko watanni sun wuce abin ƙaruwa yake maimakon raguwa, a je a ga likitan yara. Fitsarin da ya zo da zafi ko yawan ƙishirwa ma kar a ɗora wa kishi, a gwada. Kuma komai kyan halin yaro da yawan littafin da ya haddace, ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da jariri. Uwa ma in ita ce ta kasa, kuka ba dalili, ba ta jin daɗin komai sama da sati biyu bayan haihuwa, ta faɗa wa ma'aikacin lafiya, don halin da take ciki yana taɓa babban kai tsaye.

Har zuwa yaushe za a ci gaba da su?

Na sabon jariri da kansu suke fita daga yayi bayan 'yan watanni. Sai dai rigima ta biyu tana nan tafe lokacin da ƙanin ya fara rarrafe, wajen wata bakwai zuwa goma, ya fara rushe abin da yayansa ya gina yana sa kayan wasansa a baki, kuma gidaje da yawa wannan ya fi na farkon zafi. A lokacin littattafan zama da ɗan'uwa ake buƙata, kuma nagari a cikinsu ba su da yawa. Laurie Kramer da abokan aikinta sun duba littattafan yara 261 masu 'yan'uwa a ciki, aka buga a 1999, suka ga ana nuna soyayya ana nuna faɗa, amma da wuya a nuna yara suna warware rigimarsu da kansu, iyayen cikin labarin ma yawanci umarni suke bayarwa kawai.

To in kun zo shafin da ƙani ya fizge mota, uwar littafin ta ce ba shi ai ƙaninka ne, ki tsaya nan ki tambaye shi me kuma za a iya yi. Ko a miƙa wa ƙaramin wata motar a karɓi waccan, ko a yi ginin a kan tebur inda hannunsa baya kaiwa, ko a kira Mama kafin a kai duka. Ki ware masa kwali ɗaya na kayan da nasa ne shi kaɗai ba dole ya ba kowa ba, littafin hotunansa ma a ciki za a sa.